Daga Jirgin Kara zuwa Jirgin Roba

Abin da yaron ƙasar Gadarif ta Sudan bai taɓa rasawa ba shi ne kara. Da an gama yankan dawa, daga bayan Doka har inda ido ya ƙure kara ne tsaye cikin baƙar ƙasa, wani shanu su ci, wani a yi shinge da jinka, saura a bar wa wuta. Tun shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a Gadambaliya gonakin yankin suka fi ƙarfin hannun masu su, saboda haka ba mai tsawata wa yaro don ya karya kara biyu ko uku. Da wannan karan muka yi mota, muka yi tabarau, muka yi rediyo mai eriya, amma gwanin unguwa shi ne wanda ya iya jirgin sama.

Aikin yana da ƙa'ida. A zaɓi kara mai kauri wanda ya bushe amma bai ruɓe ba, a ɓare ɓawonsa da haƙori, sili-sili, a bar totuwar fara fat. Totuwa ita ce gangar jiki, ita ce taya, ita ce injin. Silin ɓawon kuwa shi ne ƙusa, shi ne ƙashin fiffike. Kaifi gare shi kamar me, babu ɗayanmu da ba shi da tabonsa a leɓe ko a ɗan yatsa. Inda ake son ƙarfi sai a soka ƙayar aduwa. Farfela ce jarrabawar ƙarshe: sili biyu a gicciye, a ɗan murɗe kowanne, a huda tsakiya da ƙaya yadda ramin zai yi sako-sako. In ka ruga da gudu ta juya, ka ci. In ta tsaya cik, yara su yi maka ihu har gida. Fenti kuwa ba ya cikin lissafi. Wani lokaci a shafa bular wanki, ko ruwan zoɓo, ko a goga gawayi a hanci, amma ba wanda yake yabon jirgi saboda launinsa.

Sai da na manyanta na gane cewa duk jiragenmu daga ƙasa muka kwaikwaye su. Ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da jirgi a cikinmu. Abin da muke gani shi ne masu feshin janbaki da fara, su zo ƙasa-ƙasa dab da magariba lokacin da tsuntsaye suka koma makwanci. Tumbinsu muka sani, da tayoyinsu, da sandar feshin da ke ƙarƙashin fiffike. Don haka jirgin kara yakan fito da tayoyi daidai wa daida, har da 'yan sandunan da suka riƙe su, amma samansa fili fetal, ba mazaunin direba, ba gilashi. Ba wanda ya san akwai abin da ya rage.

Manyanmu ba su ɗauki jirgi abin wasa ba. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Mai Wurno har bakin kogin Nilu, wasu kuma daga baya, a hanyar Makka, suna tafe suna noma suna tara guzuri, har tafiyar ta zama zama. Jirgin alhazai ne ya kashe wannan hanya. Mutum ya tashi Kano da safe ya kwana Jidda, me zai kawo shi gonar riɗi a Gadarif? Kakata takan ɗaga kai in jirgi ya gifta can ƙololuwa, ta ce, “Ga 'yan uwanku can sun wuce, ko sallama babu.” Tana faɗa tana dariya, amma ba duka ce dariya ba.

A 1984 yunwa ta koro mutanen Habasha, sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba ya cika ya batse, mutane suka yi ta mutuwa da kyanda da gudawa. Cikinsu akwai Yahudawan Habasha, waɗanda aka riƙa kwashewa cikin dare zuwa Khartum, daga can jirgi ya fita da su ta Turai zuwa Isra'ila, tsakanin Nuwamban 1984 da Janairun 1985. A watan Maris na 1985 jiragen sojan Amurka ƙirar Hercules suka sauka kusa da Gadarif suka ɗebi ragowar. Wata bai cika ba aka hamɓarar da shugaban ƙasa Numairi. Mu yara ba mu san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ya iso mu kawai shi ne labarin wani jirgi mai farfela huɗu, kuma a kakar nan duk wanda ya yi jirgi mai farfela ɗaya ƙaramin yaro ne.

Sansanin ya mutu daga baya, ciyawa ta cinye wurin. Sai ga Nuwamban 2020, yaƙi ya ɓarke a Tigray, mutane suka yi ta tsallako kogi ta Hamdayet da kayansu a ka, aka sake buɗe Um Rakuba, a farkon 2021 aka ƙara da Tunaidba. Ina cikin malaman da aka ɗauka don taimaka wa makarantar wucin gadi. A nan na san wani Bature mai aikin ruwa, wanda da zai koma ƙasarsu ya miƙo mini wani ɗan kwali ya ce ya zo da shi don kashe dare, amma aiki bai bar shi ya buɗe ba. Jirgin Spitfire ne na kamfanin Airfix, irin wanda ake haɗa wa ɗan koyo: gutsattsarin roba a jere jikin firam, ɗan gam, buroshi ɗaya, da 'yan kwalabe na fenti da ba su fi kan babban yatsa ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne an riga an yi aikin. Duk abin da muke zubar da jini a kansa, lanƙwasar fiffike, daidaita hagu da dama, murɗin farfela, inji ya gama shi a masana'anta. An ƙanƙanta jirgin sau 72, har layukan da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe an zana su. Kamfanin ya fara fitar da wannan jirgi tun 1953, kuma yaran Ingila na zamanin sukan haɗa shi a yammaci ɗaya. Haɗawar ba ta buƙatar gwaninta, sai dai kada a cika gam, don gam ɗin narka robar yake yi, in ya tsiyaya a kan gilashin direba ya bar hazo da ba ya fita. Gwanintar duk ta koma inda mu ba mu taɓa kallo ba, wato fenti. Ni da na tashi ina ganin launi kwalliya ce ta ƙarshe, sai ga sana'ar da launi ne rabinta ko fiye.

Ɗan koyo yana so ya ga jirgi ya rufu a shafa ɗaya, sai ya tsoma buroshi ya lafta. Fentin ya bushe da sawun gashi, ya cike layukan nan da aka sha wahalar zanawa, jirgi ya koma kamar an tsoma shi a kunu. Abin da ake so shi ne a tsinka fentin sosai, a shafa siriri, a bar shi yana nuna robar ƙarƙashi, a haƙura. Shafar farko muni gare ta, duk wanda ya leƙo sai ya ce an ɓata. Ta biyu ta fara haɗewa. A ta uku launi ke zama. Kafin duk wannan sai an wanke robar da sabulu saboda maiƙon masana'anta, an kankare bakin kowane gutsure da reza, an goge inda ɓari biyu suka haɗu da samfefa mai laushi har farce ya wuce bai ji gaɓa ba. Ana farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu, don duhu yana rufe haske, haske ba ya rufe duhu sai da wahala.

Takardar cikin kwalin an rubuta ta ne don ɗaki mai sanyi da tagar gilashi. A nan ƙasar, fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi, musamman a watan Afrilu. Lokacin aiki ɗaya ne, bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ko kuma da damina in laka ta rufe hanya ba fita. Nakan jiƙa tsumma a faranti, in shimfiɗa takarda a kai, in ɗiga fentin a nan don ya daɗe da danshi. Fentin mai, irin na 'yan gwangwanayen Humbrol, ya fi haƙuri da zafi kuma ya fi kwanciya, sai dai yana kwana bai bushe ba, kuma duk ƙurar da ke yawo a ɗaki sai ta zo ta zauna a kai. Maganinta kwano: da ka ajiye buroshi ka kife kwanon sha a kan jirgin, ka ɗan tokare bakinsa da tsinke don iska. Maiɗakina ta daina neman wannan kwanon.

Tambura su ne wurin da ake gane wanda ya karanta da wanda ya yi gaggawa. Suna zuwa a takarda, a jiƙa su a ruwa kaɗan, su sulluɓe zuwa jikin jirgi. In fentin ƙarƙashi garas-garas ne, iska takan maƙale, gefen tambarin ya yi fari-fari kamar an liƙa leda. Don haka sai an fara shafa man ƙyalli, a ɗora tambari, a danne ruwan da auduga, sannan a bi da wani man da ke kashe ƙyallin gaba ɗaya. Ka sa abu ya yi sheƙi don ka dawo ka dusashe shi. Jikana ya tsaya yana kallo, ya ce, “Kaka, to me ya sa tun farko ba a bar shi yadda yake ba?” Na ce masa ya tambayi masu daɓen ɗaki.

Akwai kuma abin da masu wannan sana'a suke ji da shi, wato tsufar da jirgi: a tsinka baƙin fenti ya bi layuka, a goga baƙin hayaƙi bayan bututun injin, a ɗiga azurfa inda takalmin direba ke goge fiffike. Na kalli masu yi a YouTube, da 'yar bindigar feshi da kwamfureso, kuma a ganina yawancinsu suna wuce gona da iri. Jirgi yakan fito kamar an tono shi daga juji, alhali makaniken da ransa ke hannun injin ba ya barin sa haka. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ƙura. Kwalba ake sayarwa, garin ƙurar hamada, da kuɗi masu ciwo. Ni da nake kife kwano don in kore ta.

Spitfire bai taɓa zama namu ba, jirgin sararin Ingila ne. Amma da na fara bin tarihin waɗannan jirage a waya, sai na tarar da garinmu a ciki. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, guda uku, na runduna ta 47 ta sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham. Daga Helwan ta Masar suka taso, suka bi ta Khartum da Fashir da Fort Lamy da Maiduguri, wato hanyar kakanninmu ce suka bi a juye. Wannan runduna ta dawo ta zauna a Khartum. A yaƙin duniya na biyu, lokacin da Italiya ke riƙe da Habasha, ta tura wasu jiragenta Gadarif don kai hari ƙetaren iyaka. Da sanyin safiyar 16 ga Oktoba 1940 jiragen Italiya ƙirar Fiat CR.42 suka faɗo wa filin, suka ƙone jiragen rundunar, ƙirar Wellesley takwas da Vincent biyu, a ƙasa, ko ɗaya bai tashi ba. Makonni uku bayan haka aka gwabza a Galabat, bakin iyakar Matamma.

Na roƙi ɗan ƙanena da ke aiki a waje ya nemo mini Wellesley. Ya sha wuya kafin ya samu tsohon kwali na kamfanin Matchbox a hannun masu sayar da kwance. Jirgi ne mai ban mamaki, injin ɗaya, fukafukai dogaye fiye da kima, kusan mita 23 daga baki zuwa baki, wanda a ma'aunin 72 ya koma santimita 31 da ɗoriya. Jikinsa saƙar ƙarfe ce aka lulluɓe da yadi, ƙirar Barnes Wallis. A 1938 irinsa suka tashi daga Isma'iliyya suka sauka Darwin ta Ostareliya ba tare da yada zango ba, sama da kilomita 11,000. Bayan shekara biyu kacal ya zama tsohon yayi da ake turawa fagen da ba a damu da shi ba, wato nan.

Samansa kore ne da ruwan ƙasa, a lanƙwashe, launin gonakin Ingila. A kan baƙar ƙasar Gadarif da busasshiyar ciyawar Oktoba ban san me wannan koren ya ɓoye ba. Tumbinsa kuwa baƙi ne ƙirin, don an shirya shi ne ya kai hari da dare kada fitilar ƙasa ta kama shi. Masu haɗa jirgi sukan yi wa tumbi aikin sha-yanzu, tunda a kan kanta za a ajiye shi ba mai juyawa. Hotunan da suke ɗauka ma duk daga sama ne ko daga gefe, yadda direban wani jirgin zai gan shi. Ni kuwa a tumbin na fi daɗewa. Baƙi yana da wuyar sha'ani, in ka shafa shi tsantsa sai ya haɗiye duk wani layi, dole a karya shi da ɗigon toka. Ina yi ina tunanin cewa wanda yake yankan riɗi a bayan gari a kakar 1940, wataƙila Bahaushe ne ɗan ci-rani a hanyarsa ta hajji, wannan baƙin kaɗai ya gani. Kwalin yana ɗauke da lambar jirgin da sunan rundunarsa. Waɗanda suka share filin da gatari, suka ɗauko gangunan mai, ba su da layi a takardar.

Daga nan na daina ganin fenti a matsayin kwalliya. Magana ce jirgi yake yi da wanda ke kallonsa, kuma yana iya yin ƙarya. A ƙasar nan ba sai an yi wa kowa bayanin Antonov ba. Jirgin kaya ne da aka mayar na jefa bam a Kudu da duwatsun Nuba da Darfur. A 2007 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zargi gwamnati da shafa wa jiragen soja farin fenti a Darfur, har da wanda aka rubuta wa haruffan Majalisar a fiffike. Gwamnati ta musanta. Ko ma mene ne, farin jirgi a ƙasashenmu ma'anarsa abinci da magani, mutum ya fito fili ya ɗaga hannu. Wanda ya ɓata wannan ma'anar ya kashe fiye da waɗanda bam ɗinsa ya samu.

Na taɓa kai Spitfire ɗin aji a sansani, ina zaton zan burge. Yaran Tigray suka kewaye tebur, wani ya kai hannu ya janye. Wata yarinya ta tambaye ni da ɗan Larabcin da ta koya, “Ustaz, wannan na wane ne?” Ba sunan jirgin take so ba, ba shekararsa ba. So take ta ji ɓangaren da yake yi wa aiki. Sun baro garuruwan da aka yi wa ruwan wuta daga sama, ga ni na zo da jirgin yaƙi a tafin hannu ina murmushi. Wani abokin aikina, kafinta ne a Humera kafin ya gudo, ya juya jirgin ya duba haɗin fiffiken, ya ce aikin ya yi tsafta, sannan ya ce gara in riƙa kawo na fasinja. Ban yi masa gardama ba, ko da yake kasuwar waɗannan kwalaye kusan duk ta jiragen yaƙi ce. Turawa sun yi nisa da yaƙinsu har ya zama abin sha'awar tsofaffi a ƙarshen mako.

A lokacin ina ganin wannan tsoro na baƙi ne. Sai 15 ga Afrilu 2023 ta zo, yaƙi ya ɓarke a gida, aka wayi gari jirage na ci da wuta a filin jirgin Khartum. A Disamba Wad Madani ta faɗi, mutanen Jazira suka kwararo Gadarif, makarantu suka zama masauki, masu masaukin jiya suka zama 'yan gudun hijira a gefen waɗanda suka saukar. A Afrilun 2024 jirage marasa matuƙi suka kai hari cikin garin Gadarif kansa, a Mayun 2025 suka isa Bur Sudan. Hanyar da kwali ko gwangwanin fenti zai bi ya iso hannuna ta toshe, kuma ko da a buɗe take, ba wanda zai nemi fentin jirgin wasa a shekarar da mudun dawa ya gagari malamin makaranta. Ragowar fentin da nake da shi na ba yaran gida. Sun gano da kansu cewa fentin ba ya kama santsin ɓawon kara sai an goge shi da samfefa, totuwa kuma shanye shi take yi sai an fara shafe ta da ruwan ƙaro.

Har yanzu suna ƙera jirage, sai dai ba irin namu ba. Yanzu sanduna biyu ne a gicciye da farfela huɗu a kwance, ko kuma wani abu mai fiffike kamar kan mashi da farfela a baya. Sun fi mu sanin abin da suke kwaikwayo, sun gan shi a waya ta kowace fuska, sun san ƙararsa da dare, suna bambance na leƙen asiri da na ƙunar baƙin wake. Mazaunin direba dai har yau babu, amma su ba mantawa suka yi ba. Na tambayi wani me ya sa bai shafa wa nasa launi ba alhali ga fenti. Ya ce, “Malam, ai su ba su da kala.”

Gaskiyarsa. Jiragen 1940, duk da mugun aikinsu, suna ɗauke da tambari, zobe mai launi uku ko farin gicciye a wutsiya, da lamba, da harafin runduna, shi ya sa bayan shekara tamanin malamin ƙauye zai iya zama ya san wanda ya ƙone wa a wace safiya. Yawancin na yau toka-toka ne daga hanci zuwa wutsiya, ba tuta ba lamba, a sayo su daga wata ƙasa ta hannun wata ƙasa, in sun faɗa kan tashar lantarki ko kasuwa kowa ya ce ba nasa ba ne. Kamfanin da zai fitar da samfurin wannan yaƙin nan gaba ba zai kashe kuɗin buga takardar tambura ba, kuma kwalbar fenti ɗaya ta ishi ɗan koyo.